Igiyar girgiza a cikin dutse mai ruwa: tambayoyi da amsoshi

Wai dutse ma yana riƙe ruwa?

Ƙwarai kuwa. Dutsen yashi rairayi ne da ya manne da juna cikin miliyoyin shekaru, kuma cike yake da 'yan ƙofofi. A wani dutsen sukan kai kashi 30 cikin ɗari na girmansa. Nan ruwa ko ɗanyen mai ko iskar gas ke kwanciya.

To yaya igiyar girgiza ke ratsa shi?

Igiyar girgiza ita ce motsin da ke tafiya cikin ƙasa idan ta girgiza. Manyan igiyoyin biyu ne, P da S. Ta P tana matse dutse ta sake shi, ta S kuwa tana kaɗa shi gefe da gefe. Ruwa ba ya ɗaukar kaɗawar nan, don haka abin da ke cikin ƙofofin bai cika taɓa saurin S ba. P ce ke jin bambanci: ruwa yana da wuyar matsuwa, sai ya tallafa wa dutsen, saurinta ya ƙaru. Gas kuwa ba ya turjiya, ɗan kaɗan ma ya isa ya rage saurin sosai. Wani masani, Fritz Gassmann, ne ya tsara lissafin wannan a 1951.

Me ke cinye ƙarfin igiyar a hanya?

Ka matsa jiƙaƙƙen soso, ruwan zai gudu daga inda ka danne zuwa inda ba ka danne ba. Haka igiyar ke yi wa dutse, sau gommai a daƙiƙa guda. Ruwan yana kai da komo ta matsattsun ƙofofi yana gogar bangonsu, gogayyar ta mayar da ƙarfin girgizar zafi. Inda ruwa da gas suka rabu kashi-kashi, hasarar ta fi yawa.

Maurice Biot, ɗan asalin Beljiyam, ya bayyana motsin ruwa da dutsen a 1956, har lissafinsa ya nuna akwai igiyar P ta biyu, mai tafiyar hawainiya, da ke mutuwa nan da nan. Sai a 1980 Thomas Plona ya auna ta, da ƙwayoyin gilashi da aka manne aka jiƙa. Wannan tazara ta shekara 24 tana burge ni matuƙa.

Ina amfanin sanin haka?

Masu neman mai, kamar a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe ko Agadem ta Nijar, suna girgiza ƙasa su saurari abin da ya dawo. Saurinsa da rauninsa ne ke ba su labarin ƙasan. Sai dai gas kaɗan kan ba da alama irin ta gas mai yawa, shi ya sa har yanzu sai an haƙa rijiya kafin a tabbatar.