Digirin hidimar fasto: karatun tauhidin Kirista bayan digiri na farko

Digirin hidimar fasto, wanda a Amurka da Kanada ake kira Master of Divinity, a taƙaice MDiv, karatu ne na gaba da digiri na farko da ake yi domin shirya mutum ya riƙe ikkilisiya. Yawanci yana ɗaukar shekara uku ga wanda ya zauna a makaranta bai haɗa da wani aiki ba. Ana lissafa shi cikin digirorin sana'a, kamar na lauya ko na likita, domin abin da ake so daga mai shi shi ne ya iya aikin: wa'azi, baftisma, Jibin Ubangiji, ɗaurin aure, jana'iza, sulhunta ma'aurata, da zama kusa da marar lafiya. Ba sharaɗi ba ne digirinsa na farko ya kasance a fannin addini. A aji ɗaya ana samun wanda ya karanta injiniyanci, da tsohon malamin sakandare, da ma'aikaciyar jinya da ta ji kira bayan shekara 20 a asibiti.

Abin da masu kallo daga waje suka fi kuskure a kansa shi ne zaton takardar ce ke mai da mutum fasto. Makaranta tana ba da shaidar karatu, amma keɓewa, wato naɗa mutum fasto, aikin ikkilisiya ne. Mutum zai iya gama digirin da sakamako mai kyau, ɗarikarsa ta ce bai isa ba tukuna, ko ta ƙi shi gaba ɗaya. Haka kuma akwai manyan ɗarikoki, musamman na Fentikos da Baftis da yawa, da ke keɓe fasto ba tare da neman wannan takarda ba.

Asali

Kalmar seminari, sunan makarantar da ake wannan karatu, daga Latin take, ma'anarta wurin da ake rainon iri kafin a dasa. Ta shiga harkar ikkilisiya ne a 1563, lokacin da Majalisar Trent ta Cocin Katolika ta umarci kowane bishop ya kafa makarantar horar da firistoci a yankinsa. Kafin nan akasarin limaman coci a Turai a gindin wani babba suke koyon aiki, kaɗan ne suka taka jami'a.

Amma tsarin shekara uku bayan digiri na farko a Amurka aka haife shi, kuma rigima ce ta haife shi. A 1805 Jami'ar Harvard ta ɗora wani malami mai ra'ayin da ba ya yarda da Triniti, wato koyarwar Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a Allah ɗaya, a kan kujerar koyar da tauhidi. Masu riƙe da koyarwar John Kalbin, ɗaya daga jagororin Furotesta na farko, a yankin suka ga an ƙwace musu gida, sai suka buɗe tasu makarantar a garin Andover na jihar Massachusetts a 1808. Ɗalibi sai ya gama kwaleji ake karɓarsa, ya zauna shekara uku a hannun malamai da wannan ne kaɗai aikinsu. Sauran ɗarikoki suka bi sahu nan da nan: Firesbiteriya a Princeton a 1812, Harvard kanta a 1816, Yale a 1822, Baftis na Kudu a 1859. Wata hanyar ta fito daga Jamus, inda Friedrich Schleiermacher ya kare matsayin tauhidi a sabuwar Jami'ar Berlin da aka buɗe a 1810 da hujjar cewa fasto, kamar likita da alƙali, ma'aikaci ne da al'umma ke buƙatar a horar da shi da ilimi mai zurfi.

Tsawon shekaru sunan digirin Bachelor of Divinity ne, wato ana kiransa digiri na farko alhali sai mai digiri ake ɗauka. Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1970 makarantun Amurka suka sauya masa suna zuwa na yanzu, wasu ma suka bai wa tsofaffin ɗalibansu damar musanya takardarsu. Ƙungiyar da ke tantance waɗannan makarantu a Amurka da Kanada, ATS, ta samo asali daga wani taro na 1918, ta fitar da jerin farko na makarantun da ta amince da su a 1938. A ƙa'idarta ta yanzu digirin ba ya kasa awa 72 na lissafin zangon karatu, wato makin da ɗalibi ke tarawa daga darussansa, ko da yake a da awa 90 ne aka saba. Rundunar sojan Amurka ma awa 72 ɗin take nema daga wanda zai zama limamin soja.

Mata sun daɗe a bakin ƙofa. Antoinette Brown ta kammala karatun tauhidi a kwalejin Oberlin ta Amurka a 1850, makarantar ta hana ta digirin. A 1853 wata ikkilisiya ta keɓe ta duk da haka. Yau mata suna cikin azuzuwan har a ɗarikokin da ba sa keɓe mace, inda suke fita su zama malamai, masu ba da shawara ko masu hidima a asibiti.

Abin da ake karantawa

An saba raba karatun gida huɗu: Littafi Mai Tsarki, tarihin ikkilisiya, tsararren tauhidi, da tauhidin aiki.

Na farkon ne ya fi cin lokaci da gumi, saboda harsuna. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, ban da wasu sassa na Daniyel da Ezra da ke cikin harshen Aramaik. Sabon Alkawari kuma da Helenancin kasuwa na zamanin, wato harshen Girka na yau da kullum. Ɗalibin shekarar farko yana yawo da ƙananan katuna a aljihu, kalma a gaba, ma'ana a baya, yana haddace su a layin cin abinci. Ibrananci daga dama ake karanta shi zuwa hagu, wasulansa ɗigo-ɗigo ne a ƙarƙashin baƙaƙe, kalmominsa kuma galibi daga tushe mai baƙi uku suke fitowa. Saboda haka ɗalibin da ya taɓa riƙe allo ko ya iya ajami yakan ga abin bai yi masa baƙunta ba yadda yake yi wa Bature. Manufar ba ta tsaya a haddar kalmomi ba. Ana so ya ɗauki aya goma, ya fassara da kansa, ya duba inda tsofaffin rubuce-rubucen hannu suka saɓa, ya gano wa aka rubuta wa da kuma dalili, sannan ya fitar da abin da zai faɗa wa jama'a ranar Lahadi. Wannan aiki shi ne ƙashin bayan digirin. Makarantu da yawa yanzu sun rage harsunan ko sun mai da su zaɓi, suna dogara da manhajojin kwamfuta da ke warware kowace kalma da dannawa ɗaya. Tsofaffin malamai ba su daina gunaguni a kan haka ba, kuma suna da hujja: manhaja tana faɗin abin da kalma take nufi, ba ta koya wa mutum jin yadda jimla ke tafiya.

Tarihin ikkilisiya yana bi daga manzanni zuwa Majalisar Nisiya ta 325 da ta Kalsidon ta 451, rabuwar cocin Gabas da na Yamma a 1054, da gyaran da Martin Luther ya tayar a 1517. Tsararren tauhidi kuwa shi ne jera koyarwa bisa batutuwa: Allah, halitta, zunubi, Almasihu, ceto, ikkilisiya, ƙarshen zamani. A nan ne launin kowace ɗarika ya fi fitowa.

Tauhidin aiki shi ne inda ake cire wa ɗalibi girman kai. A ajin wa'azi yana tsayawa gaban abokansa ya yi minti 15 ko 20, a ɗauke shi a bidiyo, sannan a zauna a kalla tare, malami yana tsayar da hoton yana tambayarsa me ya sa ya bar nassin ya shiga labarin kakarsa. Ana kuma tura shi wata ikkilisiya ya yi aiki a ƙarƙashin fasto mai kula da shi. Ɗarikoki da dama suna ƙara masa horon asibiti, tsarin da Anton Boisen ya fara a 1925 a asibitin masu taɓin hankali na Worcester a Amurka, bayan shi kansa ya yi jinyar irin wannan ciwo. Zango ɗaya awa 400 ne. Ɗalibi yakan zauna da marar lafiya ko iyalan wanda ya rasu, ya koma ya rubuta hirar kalma da kalma iyakar abin da ya tuna, ya karanta wa ƙaramin rukuni. Abin da aka fi kama sababbi da shi shi ne gaggawar jawo aya ko addu'a domin su tsere wa shiru, alhali mutumin da ke kan gado bai gama maganarsa ba.

Yadda wasu ke yi

Katolika hanyarsu ta fi tsawo. Dokar cocin ta tanadi aƙalla shekara shida, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi, ɗalibi yana zaune a seminari ƙarƙashin tarbiyya dare da rana. Fafaroma John Paul na Biyu a 1992 ya bayyana horon da fuska huɗu: ta ɗabi'a, ta ruhaniya, ta ilimi, da ta kiwon jama'a, ƙa'idar da cocin ta fitar a 2016 ta ƙara shekarar share fage kafin a shiga falsafa. A Jamus, fasto na Furotesta a jami'ar gwamnati yake karatu, da Latin a kan Ibrananci da Helenanci, ya ci jarrabawa, sannan ya yi kusan shekara biyu yana koyon aiki a ikkilisiya. A Cocin Ingila tun 2014 Jami'ar Durham ce ke ba da takardar yawancin kwalejojin horar da firistoci.

A arewacin Najeriya

A nan tsani ne mai matakai, digirin nan kuma yana can kusa da ƙarshensa. Matakin farko makarantun Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, irin waɗanda 'yan mishan suka buɗe a Kagoro da Gindiri a shekarun 1930, daidai lokacin da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Su suka yaye masu bishara da suka kafa yawancin majami'un ƙauyuka, sau da yawa miji da mata tare, suna noma suna karatu. Sai kwalejoji masu koyarwa da Turanci. Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Najeriya, TCNN, da ke Bukuru, ta fara aiki a 1959 a hannun ikkilisiyoyin da yanzu ke cikin TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, Harry Boer ne shugabanta na farko. ECWA tana da makarantar Igbaja a jihar Kwara, wadda aka kafa a 1941, ta buɗe seminarinta ta Jos, JETS, a 1980. Katolika suna da babbar seminari ta Saint Augustine a Jos, wadda aka kafa a 1967. A kudu, makarantar Baftis ta Ogbomoso ta girme su duka, tun 1898 take.

Mutumin da sunansa ke fitowa duk lokacin da aka yi maganar babban karatun tauhidi a yankin shi ne Byang Kato, ɗan ƙasar Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936. Ya bi ta Igbaja, ya je Landan, ya yi digirin digirgir a seminarin Dallas da ke Amurka, a 1973 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya riƙe sakataren ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara ta nahiyar. Kukansa shi ne ikkilisiya tana yaɗuwa amma koyarwarta ba ta da zurfi, kuma bai kamata duk mai neman babban karatu sai ya haye teku ba. Ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Hukumar tantance makarantun tauhidi ta Afirka, ACTEA, da aka kafa a 1976, da manyan makarantun Bangui da Nairobi, duk daga shirin da ya tsara suka fito.

Matsalar da ta fi damun wannan karatu a arewa ita ce harshe. Ana karanta littattafai da Turanci, a rubuta jarrabawa da Turanci, sannan a tura mutum majami'ar da sujada da Hausa ake yi, dattawan ikkilisiya kuma a gida Birom ko Tangale ko Bura suke ji. Ga misali ƙarami. Kalmar Helenanci da ta buɗe bisharar Yohanna, logos, namiji ce. Kalma a Hausa mace ce. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa ta 1979 suka rubuta “Kalman nan kuwa tare da Allah yake”, suka karya nahawu da gangan domin wanda ake nufi, wato Almasihu. Fasto da ya yi Helenanci ya san dalili, amma ba lalle wani ya taɓa sa shi ya bayyana shi da Hausa a aji ba. Haka yake da kalmomi irin su alheri, tuba, kafara da tauhidi kansa, waɗanda maƙwabcinsa Musulmi ma yake amfani da su da tasa ma'ana. Shi ya sa makarantun yankin ke koyar da darasin Musulunci da na addinin gargajiya, abin da a Amurka sau da yawa zaɓi ne kawai.

Suka da sauye-sauye

Tsohon ƙorafi shi ne rabon gida huɗun nan ya farfasa karatun, kowane malami yana tsaron gonarsa, aka bar ɗalibi ya haɗa da kansa. Wani kuma shi ne cire mutum daga jama'arsa shekara uku yana mai da shi baƙo a cikinsu. Amsa ɗaya ta fito daga Gwatamala a 1963, inda wata seminarin Firesbiteriya ta juya abin: malami ne ke bin ɗalibai garuruwansu, suna karatu a gida, suna haɗuwa mako-mako. Tsarin ya bazu a Afirka, ikkilisiyoyin arewacin Najeriya ma sun yi shi da littattafan Hausa.

A Amurka kuwa kuɗi ne ke sauya fasalin abin. Ɗalibi yana fita da bashin makaranta zuwa aikin da albashinsa kaɗan ne, ƙananan ikkilisiyoyi da yawa kuma ba sa iya riƙe fasto na cikakken lokaci. Mutane suna komawa digirin shekara biyu ko karatu ta intanet, makarantu suna sayar da filayensu ko su haɗe da wasu. Magajiyar makarantar Andover, inda tsarin ya fara, ta bar harabarta a Massachusetts ta koma cikin Jami'ar Yale bisa yarjejeniyar 2017.