Gobbledygook

Gobbledygook kalmar Turanci ce da ake kiran rubutu ko magana mai cike da manyan kalmomi da kewaye-kewaye, har mai karatu ya kai ƙarshe bai gane abin da ake nufi ba. An fi jifan takardun gwamnati da na lauyoyi da ita. Ta bambanta da gibberish, wadda ta girme ta tun ƙarni na 16 kuma take nufin soki-burutsu zalla. A gobbledygook kalmomin na gaske ne, ma'anar ce aka binne.

Maury Maverick, ɗan siyasar Texas da ya yi ɗan majalisar wakilan Amurka da magajin garin San Antonio, shi ya yaɗa ta. A watan Maris na 1944, yana shugabantar hukumar tallafa wa ƙananan masana'antun kayan yaƙi, ya rubuta wa ma'aikatansa takarda cewa su taƙaita, su rubuta Turanci a sarari. Daga baya ya ce kukan namijin talotalo, wanda ake kira gobble da Turanci, ne ya faɗo masa, tsuntsun da ke kumbura yana taƙama yana ta ƙara.

Cutar gobbledygook takan samo asali ne daga ɓoye wanda ya aikata aiki, da jera kalmomin ofis da mutanen waje ba su sani ba, da cusa sharuɗɗa da yawa cikin jimla guda.

A 1969 G. Harry McLaughlin ya fito da ma'aunin SMOG (Simple Measure of Gobbledygook, wato sassauƙan ma'aunin gobbledygook) don gwada wahalar rubutu. Ana ɗaukar jimloli 30: goma daga farko, goma daga tsakiya, goma daga ƙarshe. Sai a ƙirga kalmomi masu gaɓa uku ko fiye, har da waɗanda aka maimaita. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta fi kusa da adadin, a ƙara 3. In an samu kalmomi 50, mafi kusa shi ne 49, wato 7 sau 7. Amsa 10 ke nan, ma'ana sai mai shekara goma a makaranta zai fahimta sosai.

Ma'aunin na da iyaka. Rubutun da bai kai jimla 30 ba yakan ba da amsa karkatacciya, kuma yawan dogayen kalmomi cikin jimloli kawai yake gani. Da Turanci aka gina shi, don haka bai dace da Hausa ba: makaranta da asibiti gaɓa huɗu-huɗu ne, amma yaro ƙarami ya san su.