Waiwaye: Yadda masu ɗauke da HIV suka samu ta cewa a gaban likita

A watan Yunin 1981, lokacin da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da rahoton wasu maza biyar da suka kamu da wata baƙuwar cuta a Los Angeles, babu wanda ya san sunanta, balle maganinta. Likita lalube yake yi, majinyaci kuwa nasa ido.

Shirun bai daɗe ba. A 1983 wasu masu fama da cutar, wato ƙanjamau da ƙwayar HIV ke haddasawa, suka haɗu a birnin Denver na Amurka, suka rubuta sharuɗɗansu: a daina kallonsu a matsayin abin tausayi, a yi musu cikakken bayanin kowane magani da haɗarinsa, kuma su ke da ikon karɓa ko ƙi. A zamanin da maganar likita ta fi ƙarfin gardama, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Sai dai iko in babu ilimi ba ya zuwa ko'ina. Shi ya sa suka duƙufa karatu. 'Yan ƙungiyar ACT UP ta masu fafutuka kan ƙanjamau, wadda aka kafa a New York a 1987, shekarar da aka amince da AZT, maganin HIV na farko, sun koyi yadda ake gwajin magunguna har suka iya ja da masana. A 1988 suka yi wa hedikwatar FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ƙawanya, suna neman a hanzarta sakin sababbin magunguna. A wani taro kan ƙanjamau da aka yi a Paris a 1994, ƙasashe 42 suka amince a riƙa damawa da masu cutar wajen tsara manufofi. A Afirka ta Kudu kuma, ƙungiyar TAC mai fafutukar samar da maganin HIV, da ta fara aiki a 1998, ta koya wa talakawa sunayen magunguna da ma'anar ƙidayar CD4 (gwajin jinin da ke nuna ƙarfin garkuwar jiki), unguwa-unguwa.

Duk da haka, tsohon hali bai mutu ba. A 2018 wani bincike a Botswana ya nuna alamar cewa maganin HIV mai suna dolutegravir na iya illata ɗan tayi. Nan take ƙasashe da dama suka taƙaita shi ga matan da ke shekarun haihuwa, ba tare da an ji ta bakinsu ba. Mata masu HIV daga ƙasashen Afirka suka taru a Kigali, suka ce a faɗa musu haɗarin, a samar da hanyoyin tazarar haihuwa, sannan a bar musu zaɓi. Da ƙarin bayanai suka fito, haɗarin bai kai yadda aka zata ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita maganin ga kowa, har da masu juna biyu.