Stan, otaku, sasaeng: ga amsa, don Allah a daina maimaita min tambaya

Wai mene ne stan?

Ɗan gani-kashe-nin mawaƙi ko jarumi. Sunan wata waƙar Eminem, mawaƙin Amurka, ce ta 2000, labarin masoyin da ya yi ta rubuta wasiƙu ba amsa, ƙarshe ya afka ruwa da mota, budurwarsa mai ciki na kulle a but. Yau yara ke kiran kansu haka da alfahari, waƙar ma ba su taɓa saurara ba.

Da Hausa fa me za a ce?

Maye, ɗan a-mutu. Mayen ƙwallo, mayen waya. Muna da su tun kafin intanet.

Fanboy zagi ne?

Eh. Wanda in an kushe iPhone kamar an zagi iyayensa, ka shiga Farm Centre a Kano ka ce Samsung ta fi kyamara, za ka gansu.

Zan iya kiran abokina otaku tunda ba ya rabuwa da anime, wato katun ɗin Japan?

To nan ya danganta. In abokinka ne da kuke raba data kuna sauke Naruto tare, wataƙila ma daɗi zai ji, don a wajen Japan kalmar ta zama kamar kirari. Amma a can asalinta kalmar girmamawa ce, kamar ka ce "gidanku", sai wani marubuci Akio Nakamori ya yi amfani da ita a 1983 yana kushe masu wannan ɗabi'a, sannan a 1989 aka kama wani mutum da ya kashe yara mata huɗu, aka tarar ɗakinsa maƙare da kaset-kaset, jaridu suka laƙaba masa otaku, kalmar ta ɓaci shekaru. Yanzu ta yi sauƙi sosai, amma ni dai ba zan jefa wa Bajapane dattijo ita ba sai in shi ya fara kiran kansa haka. Weeb kuwa kar ka soma, wannan raini ne ga baƙon da ke son zama ɗan Japan ƙarfi da yaji.

Ƙanwata ta sa hoton BTS, ƙungiyar mawaƙan Koriya ta Kudu, a waya, ta zama sasaeng ke nan?

A'a, kwantar da hankalinka, ARMY ce kawai, sunan da masoyan BTS ke kiran kansu. Sasaeng a Koriya ta Kudu su ne masu bin mawaƙi a tasi, su kwana a ƙofar gidansa, su sayi lambar wayarsa da bayanan jirginsa. Kalmar daga "rayuwar sirri" take. Kuma ku daina liƙa wa yarinya sunan da ba ku san nauyinsa ba.