Binciken Ɗaliban Digiri na Farko a Fannin Sarƙar Kaya

Sarƙar kaya ita ce jerin hannuwan da kaya ke bi tun daga gona ko mahaƙa har ya isa ga mai amfani da shi: manomi, masana'anta, mai sito, direban babbar mota, ɗan sari, mai kanti. Ilimin tafiyar da ita yana bin diddigin abubuwa uku da ke kai-komo tsakanin waɗannan mutane, wato kaya da kuɗi da labari. Ana danganta sunan fannin ga Keith Oliver, wani ɗan Birtaniya mai ba kamfanoni shawara, wanda ya ambace shi a hirarsa da jaridar Financial Times a 1982. A yau jami'o'i da dama suna ba da digiri na farko a kansa.

Fannin da bai da gida ɗaya

A wata jami'ar ana samunsa a tsangayar kasuwanci, a wata kuma wajen injiniyoyi. Dalili shi ne tambaya guda a cikinsa takan buƙaci ilimi iri-iri. Katan nawa ya kamata a ajiye a sito, wannan lissafi ne. Ta wace hanya kaya zai bi, wannan labarin ƙasa ne da dokar kwastan. Me ya sa ɗan kasuwa ke ninka oda da zarar ya ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙarancin kaya, wannan kuma sai masu nazarin halayyar ɗan Adam. A Maris na 2021 jirgin ruwa Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida, kuma babu wani sashen jami'a guda da zai iya bayyana abin da ya biyo baya shi kaɗai.

Wasan da aka fi koyar da fannin da shi

Asalinsa daga Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ne a Amurka, wadda aka fi sani da MIT. A shekarun 1950 manajojin kamfanin General Electric sun rasa gane dalilin da masana'antunsu na jihar Kentucky ke ɗaukar ma'aikata su sallame su, su sake ɗauka, kusan duk bayan shekara uku. Jay Forrester, malami a MIT, ya zauna da fensir da takarda ya nuna cewa tsarin yanke shawarar kamfanin ne da kansa ke haifar da hawa da saukar, ko da kasuwa tana nan yadda take. Daga wannan aiki ne littafinsa na 1961 ya fito, haka ma wasan da ake kira Wasan Rarraba Giya. Wasu makarantun sukan sa lemo a madadin giyar, dokokin kuwa ba sa sauyawa.

Ɗalibai huɗu ke zama a teburi: mai kanti, ɗan sari, babban dila da masana'anta. Kowa na farawa da katan 12. Ba a yarda su yi magana da juna ba, sai dai kowa ya rubuta odarsa a ɗan kati ya kife. Oda takan ɗauki mako biyu kafin ta isa, kaya ma mako biyu. Katan da ya yi mako a sito ana cajinsa rabin dala, wanda aka nema ba a samu ba kuma dala guda. Mai kanti kaɗai ke ganin abin da masu saye ke nema: katan 4 a mako, sai a mako na biyar ya koma 8, ya tsaya a nan har ƙarshen wasa.

Sauyin ke nan, sau ɗaya tak. Amma kafin a tashi, masana'anta ta sha ambaliyar oda, sannan odar ta ɗauke ɗif, sitoci sun cika maƙil, kowa na ɗora wa na kusa da shi laifi. Idan aka tambayi sauran ukun yadda suke zaton buƙatar masu saye ta kasance, yawancinsu sukan zana tsauni da kwari. John Sterman na MIT ya nazarci sakamakon wasan a 1989, ya gano cewa 'yan wasa suna mantawa da kayan da suka riga suka yi oda suna kan hanya, sai su ƙara wata a kai.

Wannan shi ake kira tasirin bulala: hannu ya motsa kaɗan, bakin bulala ya yi nisa. Manajojin kamfanin Procter & Gamble sun lura da shi a cinikin kunzugun jarirai na Pampers, inda jarirai ke amfani da shi daidai gwargwado amma odar diloli na tashi da faɗuwa. A 1997 Hau Lee na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa biyu suka fayyace musabbabai huɗu: hasashen buƙata daga odar na ƙasa da kai, tara oda a aika a dunƙule, hawa da saukar farashi, da zuzuta oda lokacin da ake rabon kaya saboda ƙaranci.

Yadda ɗalibi ke shiga bincike

MIT ta kafa shirin shigar da ɗaliban digiri na farko cikin binciken malamansu a 1969, ƙarƙashin jagorancin Margaret MacVicar, kuma rahoton 1998 na Kwamitin Boyer, wanda ya nazarci karatun digiri na farko, ya buƙaci manyan jami'o'in Amurka su mai da koyo ta hanyar bincike ginshiƙin karatu. Sarƙar kaya ta dace da wannan ƙwarai, domin ba ta neman ɗakin gwaji mai tsada. Littafin oda na wani kantin magani, ko takardun shige da fice na wani sito, sun isa ɗalibi ya auna ko bulalar tana aiki a wurin. Wahalar ita ce 'yan kasuwa ba sa son buɗe littafinsu ga baƙo, sannan aikin da ya ratsa sassa biyu yakan rasa malamin da zai ɗauke shi a matsayin nasa. Wannan hasara ce ta gaske, don mafi yawan tambayoyi masu amfani a tsakanin sassan suke.

A Najeriya ƙofa biyu ce a buɗe: kundin bincike na shekarar ƙarshe, da shirin SIWES na horon aiki a masana'antu wanda aka fara a 1973. Abin nazari kuwa yana bakin hanya. Tumatirin Kadawa ta jihar Kano da ake lodawa a kwanduna zuwa kasuwar Mile 12 a Legas yana da duk abin da ke kan teburin wasan nan: jinkirin hanya, labarin farashi da ke zuwa ta waya daga bakin dillali, da manoma masu yanke shawarar shuka bisa kuɗin da aka samu bara. Ɗalibin da ya bi mota guda daga gona zuwa kasuwa, yana rubuta awa nawa aka yi a kowane shinge da kwando nawa ya ruɓe kafin a sauke, zai buƙaci malamin noma da na tattalin arziki da na ƙididdiga kafin ya iya fassara abin da ke cikin littafinsa.