Masu kiwon aladu, ku raba uba da 'ya'yansa mata

Daga Kafanchan zuwa Zonkwa, har can Shendam da Numan da Billiri, kukan masu aladu kusan iri ɗaya ne: iri ya lalace. Uwar da a da take zuba goma, yau jikarta ba ta wuce biyar ko shida, su ma a kai yaye da uku. Sai a ɗora laifin a kan dusa, ko tsutsar ciki, ko sanyin hunturu, wasu har su ce sammu ne. Amma idan ka leƙa ɗakin namijin ka tambayi shekararsa nawa a gidan, sai a ce huɗu. Wa ya haifi matan nan da yake hawa? Shi. Wa ya haifi iyayensu mata? Shi ɗin dai.

'Yan'uwa, wannan ɗabi'a ce take cinye muku riba. Barin uba yana barbarar 'yarsa, ko ɗa yana hawan uwarsa, ko wa da ƙanwa 'yan ciki ɗaya. Na san ciyar da namiji akwai tsada, na san kuma wanda ke gidan ya saba da ku, ba ya faɗa, ba ya fasa ɗaki. Duk da haka ba dalili ba ne.

Masana kiwo suna auna kusancin jini da lissafi, tun daga tsarin da wani masani mai suna Sewall Wright ya fitar a Amurka a 1922. Uba da 'ya, uwa da ɗa, ko 'yan uwa ɗaya uba ɗaya: 'ya'yan da za a haifa suna ɗauke da kusancin jini kashi 25 cikin 100. Waɗanda uba kaɗai suka haɗa, ko kaka da jikarsa, kashi 12.5 ne. 'Ya'yan wa da ƙani kuwa 6.25. Abin kuma taruwa yake yi. Idan namiji ya hau 'yarsa, ka ajiye mace daga cikin abin da suka haifa, ya sake hawan ta, an kai 37.5. Gidaje da yawa suna nan wurin ba su sani ba.

A Amurka an kafa wata cibiyar binciken irin aladu a garin Ames na jihar Iowa a 1937, aka yi shekaru ana haɗa aladu 'yan jini ɗaya da gangan don a ga abin da zai biyo baya. Abin da aka gani shi ne yawan 'ya'ya ya ragu, waɗanda ke kai wa yaye sun ragu, girma ya yi jinkiri, mazan ma kuzarinsu na barbara ya ja baya. Haɗarin shi ne ragin a hankali yake zuwa. Ƙarin kashi 10 na kusancin jini ba ya rage ko ɗa guda cikakke a haihuwa ɗaya, saboda haka ido ba ya kama shi. Sai an kai 25 ko fiye, asarar ta doshi ɗa guda a kowace haihuwa, mai kiwo ya fara cewa bana ba a yi sa'a ba. Uwa kuwa tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Ka lissafa da uwaye biyar ka ga kuɗin makarantar yara nawa ya tafi.

Akwai kuma waɗanda ido ke gani ƙarara. Ɗan alade mai gwaiwa, hanji ya sauko cikin jakar maraina, wanda idan mai fiɗiya bai lura ba ya tsaga, hanjin ya zubo. Mai cibi ya kumbura kamar lemo. Wanda aka haifa ba dubura, cikinsa ya yi ta kumbura har ya mutu cikin 'yan kwanaki. Wanda ƙwansa ɗaya ya maƙale a ciki bai sauko ba. Wanda ƙafafunsa na baya suka baje, ba ya iya miƙewa ya kai ga nono, uwar ta kwanta a kansa. Irin wannan kan faru jefi-jefi a kowane garke, amma idan yana maimaituwa a 'ya'yan namiji guda, kada ka nemi boka. Namijin nan da macen nan kada su sake haɗuwa, kuma kada ka ajiye ko ɗaya daga 'ya'yansu don iri.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake fara kiwon tun farko. Mutum ya je kasuwar aladu ta Katsit ranar Alhamis, ya tarar da wani ya kawo 'ya'ya bakwai a kwando, ya zaɓi namiji ɗaya da mata biyu daga kwandon nan guda saboda an yi masa ragi. Haba! Ai tun daga ƙofar kasuwa ka sayi kashi 25. Iyayenmu mata masu tara kuɗin adashe su sayi iri, don Allah ku kiyaye wannan: mace daga hannun wani, namiji daga hannun wani na wani gari dabam. Haka namijin haya da ke zagaya unguwa. Kowa ya kai tasa wurinsa, bayan shekara biyu duk matasan aladun unguwar 'ya'yansa ne, sai kuma maƙwabta su riƙa aron maza a tsakaninsu suna cewa sun canja jini. Ba ku canja komai ba, 'yan uba ne.

Ba sai kun yarda da maganata ba, ku auna da kanku. Littafin rubutu na 'yan makaranta da sikelin ratayawa sun isa. Kowace uwa a ba ta shafinta, a yi mata tsaga a kunne ko a sa lamba, domin fararen aladun agirik irin Large White duk kamarsu ɗaya idan sun girma. A rubuta uwarta da ubanta, ranar barbara, da namijin da ya hau ta. Ciki kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Ranar haihuwa a rubuta nawa suka zo da rai, nawa a mace, nawa masu naƙasa. A sa kowane ɗa a buhu ko bokiti a rataya. A irin agirik ɗan da ya zo lafiya yakan kai kilo 1.2 zuwa 1.5, wanda bai kai kilo ɗaya ba kuwa rayuwarsa na cikin haɗari. A sake aunawa a kwana 21, domin nauyin wannan rana shi ke nuna ƙarfin nonon uwa, sannan ranar yaye, sannan a wata biyar ko shida.

Idan sun fi ƙarfin sikeli, tef ɗin tela zai yi. Ka zagaye ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, ka auna tsawo daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duka a mita. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawo, ka ninka da 69.3. Mai ƙirji 0.9 da tsawo 0.95 zai ba ka kimanin kilo 53. Ƙiyasi ne, amma idan hannu ɗaya ke aunawa kullum, ya isa kwatanci.

Wurin kwatancin ne mutane ke yaudarar kansu. Kada ka gwada haihuwar fari da ta uku, domin ta fari dama ƙarama ce, uwa ba ta kai ƙarfinta sai wajen haihuwa ta uku zuwa ta biyar. Kada ka gwada 'ya'yan da suka ci dusar burkutu zalla da waɗanda suka samu haɗin masara da ƙuli-ƙulin waken suya. A ba duka maganin tsutsa lokaci guda. Kuma haihuwa ɗaya ba hujja ba ce, a tara aƙalla biyar na barbarar gida da biyar na baƙon namiji, a raba a ga matsakaici. Nan bambancin zai fito a takarda.

Gyaran ba wuya. Ko da uwar kanta 'yar barbarar gida ce, ranar da baƙon namiji wanda ba su haɗa jini ba ya hau ta, 'ya'yan sun fita daga wannan lissafi gaba ɗaya. Ita dai ƙarancin nononta da ƙarancin haihuwarta suna nan tare da ita, saboda haka 'ya'yanta mata za ku ajiye su maye gurbinta. Sauran a gurguje:

Namiji kada ya wuce kimanin shekara guda yana aiki a gida, domin wata huɗu na ciki da wata bakwai ko takwas na girma, 'ya'yansa sun isa barbara.
A raba maza da mata tun suna wata uku zuwa huɗu, aladun gida suna balaga da wuri.
Mazan da ba na iri ba a fiɗiye su tun cikin makonnin farko.
Macen iri ta kasance mai kan nono 12 ko fiye, daga uwa mai yawan yaye.
Ku haɗa kai da masu kiwo na wani gari ku riƙa musayar maza, kowa da takardar asalin nasa.

Na san abin da ke hana wasu kawo baƙon namiji: tsoron zazzaɓin aladu, wanda tun shigowarsa Nijeriya a 1997 yake share garke cikin kwanaki, ba shi kuma da magani. Tsoron yana kan hanya, amma ba lasisin mayar da uba kan 'yarsa ba ne. A sayo namijin kai tsaye daga gonar da aka san lafiyarta, ba daga tsakiyar kasuwa ba. A killace shi shi kaɗai kwana 30 nesa da sauran, da kwanon cinsa da tsintsiyarsa da takalmin mai shiga wurinsa dabam, a ba shi abinci bayan an gama da na gida. Idan ya daina ci, ko kunnuwansa da cikinsa suka yi ja, a kira malamin dabbobi nan take, kada a kai shi kusa da mata.