Ciwon Baya Mai Daɗewa da Yadda Iyali Ke Ɗaukarsa

Ciwon baya mai daɗewa shi ne wanda ya haura wata uku bai rabu da mutum ba, ko da yana lafawa yana dawowa. Galibi a ƙugu yake zama, inda ƙasusuwa biyar na ƙasan gadon baya ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Babu wata cuta da ta kai shi hana mutane ayyukansu na yau da kullum.

A kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, likita ba ya iya nuna wuri guda ya ce ga dalilin. A sauran ne ake samun faifan tsakanin ƙasusuwa ya zame ya danne jijiya, ko karaya, ko tarin fuka da ya shiga ƙashin baya, ko ciwon daji. Daga nan matsalar gida take farawa. Mai karaya kowa na ganin ɗorinsa, shi kuwa mai ciwon baya an ɗauki hoto an ce ƙashi lafiya lau. Makon farko ana zuwa dubiya, ana ta sannu. Bayan wata shida sai a fara raɗa cewa raki ne, ko son jiki.

Tsakanin zargi da tarairaya

Iyali kan karkata ɗayan ɓangare biyu. Wasu su ƙi yarda da ciwon, sai mai shi ya koma ɓoyewa, ya ci gaba da ɗaukar kaya ko daka har abin ya ƙwaɓe. Wasu kuma tausayi ya sa su ɗauke masa komai: a kawo masa abinci har shimfiɗa, a hana shi ko sharar ƙofar ɗaki, kullum "kwanta ka huta". Na biyun ya fi kama da kirki, amma shi ma yana da illa. Tun a shekarun 1970 masanin halayyar ɗan Adam Wilbert Fordyce na Jami'ar Washington a Amurka ya nuna cewa yadda na kusa ke amsa koken mai ciwo yana tasiri a kan yadda zai riƙa motsi. Doguwar kwanciya tana raunana naman baya, tana sa gaɓoɓi su sage, ga tsoron motsi da ke ƙaruwa.

Shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 ta fi ƙarfafa motsa jiki, tausa, ilmantar da majiyyaci da taimaka masa ta fuskar tunani. Ta kuma yi hani da dogaro da bel ɗin ɗaure ƙugu da magunguna masu ƙarfi dangin tramadol. Aikin iyali a nan mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar yi: a raka shi tattaki, a bar masa aikin da zai iya, a karɓe masa ɗaga abu mai nauyi a ranakun da ciwon ya motsa.

Aljihu da ibada

Ciwon ya fi cin mutanen da bayansu ne jarinsu: manomi mai sunkuyo da fartanya, ɗan dako, ɗan acaɓa, tela, da matar da ke ɗiban ruwa da goyo a baya. Idan maigida ne ya kwanta, cefane ke fara girgiza, wani lokaci har babban ɗa ya rage zuwa makaranta ya kama sana'ar. Idan uwargida ce, aikin kan faɗa wa 'yarta, kuma ba kasafai ake lissafa wannan a matsayin asara ba.

A ƙasar Hausa ana yawan fara magani daga gida da gashin ruwan zafi da man zafi, sai ƙaho wajen wanzami, sai ƙwayoyin kyamis. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shan su wata da watanni ba da sanin likita ba yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Masu hali kan nufi sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Salla ma takan zama abin damuwa ga dattijon da ruku'u ya gagare shi, har ya riƙa jin kunyar zama a sahu. Malamai kan kawo hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, wanda ya halatta yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe idan zaman ma ya gagara. Kujera ɗaya a gefen sahu takan mayar da mutum cikin jam'i.

Alamun gaggawa

Akwai alamun da ba a jira da su: kasa riƙe fitsari ko bayan gida, mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, raunin ƙafa da ke ƙaruwa, zazzaɓi, ko rama ba dalili. Sau da yawa matar da ke wankin shimfiɗa ko ɗan da ke kama shi zuwa banɗaki ne ke riga lura da su, domin majiyyacin kan ji nauyin faɗa.